Hukuncin Zuba Kuɗi A Kan Dokin Sukuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobin hawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce wadda ta shigo gari ta ƙofar wayar hannu. Duk wanda ya tashi daga tsakiyar Kaduna ya nufi Abuja, in ya haye kogi ya wuce Kakuri, zai ratsa ta Gonin Gora a ƙaramar hukumar Chikun. A can, kamar sauran unguwannin birnin, kudu da arewa, akwai shagunan caca a bakin titi, matasa na shiga suna fita da 'yan takardu a hannu. Wannan yanki na kudancin kogi a da ma'aikatan masaƙu ne suka cika shi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, 'ya'yan ma'aikata suka tashi ba su tarar da aikin iyayensu ba. Yawancin abin da ake zuba wa kuɗi a shagunan nan ƙwallon ƙafa ne, amma akwai kuma tseren dawaki na Ingila da Faransa da Afirka ta Kudu. A Maraɗi da Damagaram kuwa al'amarin ya daɗe, domin hukumar caca ta ƙasar Nijar, watau LONANI, tana karɓar kuɗin mutane a kan sukuwar da ake yi a filayen Faransa.

A cikin masu wannan harka akwai wani rukuni da ba ya yarda a kira shi ɗan caca. Hujjarsa ita ce, shi ba sa'a yake bi ba, nazari yake yi. Yana da littafi inda yake rubuta sunayen masu horar da dawaki da halin kowannensu: wane ne dokinsa kan ci bayan dogon hutu, wane ne kan yi nasara in ya sauko da doki daga babban aji zuwa ƙarami, wane ne ba ya ɗauko wani fitaccen mahayi sai ranar da ya shirya ci, wane ne dawakinsa suka fi gudu in ƙasa ta jiƙe. Sai ya ce, tun da ilmi ne da wahala, mene ne bambancinsa da ɗan kasuwa mai nazarin farashin hatsi? Tambaya ce da ta cancanci amsa, ba tsawa ba, gama mai yin ta sau da yawa yana salla, kuma yana so ya ci halal.

Da farko dai, Musulunci bai ƙi doki ba, bai kuma ƙi sukuwa ba. Allah ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a farkon Suratul Adiyati, ya kuma yi umurni da tanadinsu a aya ta 60 ta Suratul Anfali. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, ya raba dawakin kashi biyu. Waɗanda aka horar suka tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba aka ba su mil ɗaya, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙu. Horon da ake nufi, wanda Larabawa ke kira talmiri, shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a riƙa rage masa abinci, a shigar da shi ɗaki a lulluɓe shi ya yi ta gumi, har teɓa ta zube, nama ya ɗaure. Ashe ke nan sana'ar mai horar da doki sana'a ce da Sunna ta san da ita, har ta gina tsarin tsere a kanta.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Filin da ake kira Dandalin Murtala a Kaduna, tun bayan rasuwar Janar Murtala Muhammad a 1976, asalinsa filin sukuwa ne. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, a nan kuma aka yi babban hawan bikin FESTAC a 1977. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya rasu a 1981, sun shahara da kiwon dawakin tsere da wasan folo. Kano na da filin sukuwarta har yau. Babu malamin da ya ce hawan doki ko tsere da shi saɓo ne.

Inda magana take shi ne kuɗi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ba a sa lada a gasa sai a abu uku: harbin kibiya, da tseren raƙuma, da na dawaki. Malaman Malikiyya sun tsaya a kan waɗannan, sun kuma bayyana daga inda ladan zai fito. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo mas'alar a babin ƙarshe na Risala, littafin da kusan kowace makarantar zaure ke karantawa, Shaihu Halilu kuma ya ba ta babi a Muhtasar, daf da babin jihadi. In sarki ne ko wani mai hali da ba ya cikin tseren ya sa kyauta, wannan halal ne ba saɓani. In ɗaya daga cikin masu tseren ne ya sa, Malik ya yarda, da sharaɗin kuɗin ba zai komo masa ba: in wani ya tsere masa ya ɗauka, in kuwa shi ya zo na ɗaya, sai wanda ke bi masa ya karɓa, in su biyu ne kaɗai sai mahalarta su ci. Amma in mutum biyu kowa ya ajiye nasa, wanda ya ci ya kwashe duka, Malik ya hana. Sa'idu ɗan Musayyabi da wasu malamai sun yi sauƙi in an shigar da mahayi na uku, wanda ake kira muhallili, da bai ajiye kome ba amma dokinsa na iya cinye su. Mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne ko da muhallili bai halatta ba.

To a lura da kyau. Duk wannan taka-tsantsan a kan mutanen da ke bisa sirdi ne, masu doki, masu gumi. In har an ƙuntata wa mahayi haka, ina ga wanda ke zaune a kan benci a Gonin Gora, bai mallaki doki ba, bai sayi harawa ba, bai taɓa riƙe linzami ba, ya miƙa naira dubu don ta dawo masa dubu goma ko ta tafi ke nan? Mazhabobin nan huɗu ba su yi saɓani ba cewa 'yan kallo su yi zubi a kan wanda zai ci, caca ce. Ita ce maisir da Allah ya haɗa da giya da gumaka a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya kuma bayyana a aya ta 91 cewa suna haddasa gaba da ƙiyayya, suna shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisin da ya kasa dawaki uku, na Allah, da na mutum, da na Shaiɗan, aka fassara na ukun da wanda ake caca a kansa.

Saura batun nazari. Shari'a ba ta rataya haramcin caca ga jahilcin mai yin ta ba. Ta rataya shi ga siffar ƙullin: mutane sun ajiye dukiya a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, kuma ribar wannan ita ce ainihin hasarar wancan. Gwanin karta ya fi sabon shiga iya wasa, amma gwanintarsa ba ta mai da kartar ciniki ba. Ɗan kasuwa kuwa, ko da ya yi kasada, akwai haja a tsakani. Mai sayen buhun masara ya tafi da masara, mai sayarwa ya tafi da kuɗi, kowa na iya komawa gida da murna. A caca ba a noma kome, ba a ƙera kome, ba a kai kome ko'ina. Wannan shi ne cin dukiyar mutane da ɓarna da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ma ba ta yi musun cewa caca na da ɗan amfani ga wasu ba, sai dai ta ce zunubinta ya rinjayi amfanin. Larabawan Jahiliyya kan yanka raƙumi su yi masa ƙuri'a da kibau goma, bakwai masu rabo, uku wofi, kuma galibi matalauta ake ba naman. Duk da haka aka haramta.

Ko ta fuskar lissafin da mai nazari ke tinƙaho da shi, al'amarin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Tsarin zubi na gama-gari, wanda Joseph Oller ya ƙago a Faris wajen shekarun 1860, kuma shi ake bi a Faransa da Nijar, haka yake: a tara kuɗin kowa, gidan caca ya cire kasonsa tun doki bai tashi ba, a raba saura ga waɗanda suka dace. A misalta cewa an tara naira 100,000, gida ya cire 20,000. Abin da ya rage wa jama'a 80,000 ne, ko wane doki ya ci. Inda kuma kamfani ne ke yanka farashi, ya riga ya cusa ribarsa a cikin farashin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sa'an nan halin mai horo ba asiri ba ne. Abin da saurayi ya gano a littafinsa, kamfani ya riga shi ganowa da kwamfuta, kuma da zarar mutane sun ruga kan doki ɗaya sai abin da za a biya a kansa ya ragu. Mai horon da ke cin tsere ɗaya cikin huɗu gwani ne ƙwarai, amma fa yana faɗuwa sau uku. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai ga wani baƙauye a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta, har abin ya yi wa sahabbai ciwo. Da akwai mai littafin lissafi a Madina ran nan, da a kanta zai zuba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan muni. A irin tseren da ake daidaita dawaki, wani jami'i ne ke duba ƙwazon kowane doki ya ƙayyade nauyin da zai ɗauka, a sa dalma a ƙarƙashin sirdin mai ƙarfi domin rarrauna ya samu dama. Admiral Rous, wanda ya riƙe wannan aiki a Ingila daga 1855, shi ya shahara da tsara ma'aunin. Tun da daɗewa hukumomin sukuwa na hukunta masu horon da kan sa a ja wa doki linzami a ƙananan tsere, don jami'i ya zaci ya raunana ya rage masa nauyi, sa'an nan a sake shi ranar da aka zuba kuɗi. Wani sashe na abin da mai nazari ke farauta, in an duba, sawun wannan ha'inci ne, yana so ya gane shi don ya ci rabonsa a ciki. Alhali kuwa Annabi ya hana ko da a sa wani ya bi bayan doki yana yi masa ihu, ko mahayi ya ja doki na biyu don ya sauya in na farko ya gaji. Shaihu Halilu ma ya ƙi a ɗora yaro ƙarami a kan dokin tsere, abin da ya kamata masu shirya sukuwa a garuruwan Arewa su duba.

Dawakin da ake nunawa a allon shago kowane 'yan mintoci kuwa, ba su da barga, ba su da mai horo. Zane ne, na'ura ce ke fitar da lambar da ta ci. Mai neman halin mai horo a nan yana awon ruwa da kwando ne.

Wani zai ce ai hukuma ta ba shagunan nan lasisi. Gaskiya ne doka ta san da su. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar, kuma wata guda kafin haka Hisba ta rufe shaguna da dama a Kano. Amma lasisi takardar haraji ce da tsari, ba fatawa ba ce, kamar yadda mai sayar da giya ma yake da tasa. Kuma sukuwa na iya tsayuwa ba da wannan kuɗi ba. Gasar Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020, mai ladan dala miliyan 20, ba a buɗe rumfar caca a filinta ba, masu shiryawa ne ke sa kyautar, daidai da siffa ta farko da Malikiyya suka halatta.

Ilmin halin masu horo yana da inda zai yi amfani ta halal. Mai son sayen doki, ko mai neman wanda zai danƙa wa ingarmansa, ko mai ba masu barga shawara a biya shi ladan aikinsa, duk suna bukatarsa. Amma sayar da sunan dokin da zai ci ga 'yan caca, ko karɓar albashi a kan rubuta musu takarda, taimako ne a kan saɓo, aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana shi.

Wanda ya riga ya shiga, abin da ke kansa shi ne tuba da dainawa nan take, ba sai ya mai da abin da ya rasa ba, domin neman mayarwa shi ne igiyar da ke riƙe da yawancinsu. Kuɗin da ya ci daga hannun wani sananne, ya mayar masa. Wanda ya ci daga kamfani ko daga taron da ba a san masu shi ba, malamai da yawa sun ce ya fitar da shi ga matalauta ko aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake dukiyarsa, kada ya lissafa shi cikin zakka. Bashin da aka ci mutum a caca ba hakki ba ne a Shari'a, alƙali ba ya tilasta biyansa, amma kuɗin da ya ranta a hannun maƙwabci ko ya ɗiba a jarin maigidansa ya kai shago, wannan bashi ne tabbatacce a wuyansa. Wanda kuwa bai kai ga zubawa ba, ya dai ce wa abokinsa ya zo su yi caca, hadisin Buhari da Muslim ya umurce shi da ya yi sadaka saboda furucin kaɗai.