Ranar Da Aka Ce Duniya Za Ta Ƙare

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin wani ya ce ya san ranar tashin duniya? Ka tara iyalinka, ku ji wannan labari.

Can ƙetaren teku, a kudancin Meksiko da ƙasar Gwatemala, akwai wata al'umma da ake kira Maya. Kakanninsu gwanayen lissafin kwanaki ne. Kwana 20 ne watansu, wata 18 kuwa ya ba su kwana 360. Haka suka yi ta tarawa har suka kai babban ƙulli mai kwana 144,000, wato wajen shekara 394. Ƙidayar ta soma ne daga shekara ta 3114 kafin haihuwar Almasihu. Ƙulli na 13 kuma ya cika ran 21 ga Disamba 2012.

Tun kafin ranar ta zo, waɗansu marubuta a Amurka da Turai suka ce a ranar nan duniya za ta ƙare. Tsoro ya kama mutane da yawa. A Rasha waɗansu suka ruga sayen kyandir da ashana. A Faransa sai da jandarmomi suka tsare dutsen ƙauyen Bugarach, gama an baza cewa can ne za a tsira.

Gari ya waye ran 22 ga wata, rana ta fito kamar kullum.

Ina kuskuren yake? Dubi kalandar da ke jikin bangonka. In ta kai 31 ga Disamba, sai ka cire ta, ka rataya sabuwa. Haka ƙidayar Maya take. Su kansu, a tsohon birninsu Palenke, sun sassaƙa rubutu a dutse mai zancen wata rana a shekara ta 4772. Ashe ba su sa ran ƙarshe a 2012 ba.

Wannan ba shi ne na fari ba. A Amurka mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, sun jira dawowar Almasihu ran 22 ga Oktoba 1844. Waɗansu manoma a cikinsu suka bar amfanin gona bai girbu ba. Ranar ta wuce, ga baƙin ciki, ga hasara.

Buɗe Matiyu 24:36 ka karanta. A nan Yesu ya nuna wa almajiransa cewa sanin lokacin nan yana hannun Uba shi kaɗai. Saboda haka duk wanda ya yanka maka rana, kada ka gaskata shi. Kada ka cinye irinka, kada ka sayar da bisashenka, kada ka fid da 'ya'yanka daga makaranta. Ka yi nomanka, ka cika rumbunka, ka shirya da maƙwabcinka, ka tuba tun yau. Zama a shirye ke nan.

Tambayoyi domin iyali:
1. Me ya cika ran 21 ga Disamba 2012?
2. Wace hasara manoman 1844 suka yi?
3. In baƙo ya zo garinku da sabuwar rana, me za ka ce masa?