Ƙarar Bawul Bayan Garambawul

Wata takarda ta iso mini daga wani direba mai jigilar hatsi tsakanin Funtuwa da Zariya a cikin tsohuwar a-kori-kurarsa ƙirar Peugeot 504, yana cewa an sauke masa inji an yi masa garambawul, an sa sabon ring da sabon metal, an goge bawul, shi kuwa ya lallaɓa motar kamar mai jego har tsawon kilomita 1,000 bisa umarnin bakanikensa, sai ga shi a daidai lokacin da yake tsammanin ya huta, wata ƙara ta ɓullo daga saman injin, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar tela yana taka keken ɗinki. Tambayarsa ita ce ko kuɗinsa sun halaka ke nan, kuma ko ya yarda da shawarar wani yaron gareji da ya ce ya kawo a matse masa tafet har ƙarar ta ɗauke.

Malam direba, Allah ya ba ka haƙuri, ya mayar maka da alheri. Harshenmu ya yi hikima da ya kira kukan ƙarfe ƙara, ya kuma kira abin da ake kaiwa gaban alƙali ƙara, domin a duka biyun ba a yanke hukunci sai an tabbatar wanda ake tuhuma shi ne mai laifin. Sautin ƙarfe yana bin jikin inji ya fito a inda ba nan aka haife shi ba, saboda haka kafin a taɓa sifana wajibi ne a tantance ko daga bawul ne. Hujja ta farko ita ce lissafi: kamshaf, wato sandar nan mai tozaye da ke tura bawul, yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na kirankshaf, ta yadda idan inji yana silo a kan juyi 800 a minti, kowane bawul zai buɗe sau 400 kacal, kimanin sau 7 a daƙiƙa, kuma kunnen da ya natsu yana iya bin wannan bugu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar bawul siririya ce mai kaifi, ba ta damu da ko motar tana ɗauke da kaya ko wayam take ba. Ƙarar metal kuwa daga ƙasa take tasowa, mai kauri kamar ana buga turmi a bayan katanga, tana ƙaruwa idan aka taka totur, kuma idan aka zare wayar fulogi ta silindar da ke da ciwon da filaya mai roba a hannu, sai ka ji ta ragu ko ta sauya, alhali ta bawul tana nan yadda take ko an zare ko ba a zare ba. Ka ɗauki dogon sukundireba, ka ɗora bakinsa a kan murfin bawul, ka kanga kunnenka a ƙotarsa, ka bi murfin daga gaba zuwa baya har ka sami inda bugun ya fi ƙarfi. Amma ka tuɓe babbar riga tukuna, domin fanka da bel ba su san girman mutum ba.

Akwai wani mai shaidar zur da ya sha jawo wa bawul zargi, shi ne gasket ɗin bakin salansa, inda bututun hayaƙi ya haɗu da kan inji. Idan bai zauna daidai ba, ko notinsa ya saki bayan zafi da sanyi na kwanakin farko, hayaƙi yakan tsirto da sautin da ba ya da maraba da na tafet. Alamarsa ita ce ya fi ƙarfi da sanyin safiya, ya lafa idan ƙarfe ya ɗumama ya cike kafar, kuma yakan bar baƙin toka a gefen da yake fita.

Idan tuhuma ta tabbata a kan bawul, to sai a fahimci cewa 'yar tazarar da ke tsakanin roka, wato ɗan hannun ƙarfen da ke danna bawul ƙasa, da kan bawul da gangan maƙera suka bar ta, saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya ji wuta, kuma da ba a bar masa wurin miƙewa ba, da bawul ya kasa komawa mazauninsa ya rufe ruf. A injin fetur na 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, tazarar ita ce milimita 0.10 ga bawul ɗin shigar mai, da 0.25 ga na fitar hayaƙi, kuma sai inji ya kwana ya huce sarai ake aunawa; a Volkswagen Beetle kuwa 0.15 ce ga duka biyun. Kowane inji da nisabinsa, ba a yin ƙiyasin wani a kan wani.

A nan ne nake so mai tambaya ya tsaya ya yi nazari, domin nan ne zuciyar mas'alar take. Abin da aka saba gani a injin da aka yi wa aiki mai kyau shi ne tazarar nan ta ragu a kwanakin farko, saboda bawul ɗin da aka goge yana ƙara nutsewa cikin mazauninsa, sabon gasket kuma yana lotsawa, kan inji ya ƙara matsowa ƙasa, sandunan da ke tura roka su zama kamar an ƙara musu tsawo. Wannan ne dalilin da ya sa injuna irin naka suke bukatar a sake ɗaure kusoshin kan inji bayan kilomita 1,000 na farko, bisa tsarin ɗaurinsu da ma'aunin ƙarfinsu, sa'an nan a sake auna tafet, ba a fara da tafet a ƙare da kusoshi ba. To idan ɗabi'ar sabon aiki ita ce ya matse ya yi shiru, injin da ya ƙara surutu yana gaya maka cewa wani abu ya saki ko wani abu yana cinyewa. Mafi sauƙi, kuma shi ya fi yawa, shi ne notin da ke kulle sukurun tafet bai ɗauru ba, ko kuwa fuskokin roka da kan sanda, waɗanda aka sauya musu abokan zama wajen haɗawa, sun ɗan goge juna kafin su saba. Maganin wannan awo ne na rabin sa'a da fila geji, waɗannan siraran ganyayen ƙarfe masu lamba.

Amma shawarar a matse har ƙara ta ɗauke, wannan gyaran gangar Abzinawa ne, kuma ina yi maka nasiha da ka guje ta. Bawul ɗin hayaƙi yana zaune ne cikin harshen wuta, kuma mafi yawan zafinsa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan mazauninsa; idan aka matse shi har ya kasa zama sosai, wuta za ta riƙa bi ta gefensa tana cin bakinsa sannu a hankali, mota ta fara rawa a silo, ta rasa ƙarfi a hawa, har ranar da za a sake cire kan inji a tarar da bawul ya ƙone ya yi giɓi. Injin da ke da tafet na sukuru, 'yar ƙara mara yawa mai tafiya bai ɗaya sunnarsa ce. Ni kam na fi jin tsoron wanda ya yi tsit.

Abin da nake so ka yi, wanda kanikawa kaɗan ne ke yinsa, shi ne ka sa a auna bawul takwas ɗin nan kafin a taɓa kowane sukuru, ka rubuta lambar kowanne a takarda, daga silinda ta farko zuwa ta huɗu, sa'an nan a daidaita su, ka yi tafiyar kilomita 300 ko 500, a sake aunawa. Idan duka sun tsaya inda aka bar su, alhamdu lillahi, shari'a ta ƙare. Idan kuwa guda ɗaya ya sake buɗewa, aka daidaita shi, ya kuma buɗewa, to ba sukuru ne ke kwancewa ba, ƙarfe ne ke tafiya, kuma galibi tozon kamshaf ne da tafet ɗin da ke hawansa suke cin juna. Wannan musiba tana da asali tun ranar da aka tada injin: tozo da tafet suna samun mai ne daga abin da kirankshaf ke watsowa, shi ya sa ƙa'idar sabon kamshaf ita ce a shafe tozayensa da man haɗi, a riƙe injin tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30 a tashin farko, ba a bar shi yana silo ana shan shayi ba. Haka nan idan aka zuba tsofaffin tafet a kwano ɗaya aka mayar da su ba kowa a raminsa na asali ba, ko aka ɗora tsofaffi a kan sabon kamshaf, an shuka ɓarnar ke nan, sai dai ta jinkirta tsirowa.

Shaidun wannan ba su da wuyar samu. A buɗe murfi, a juya injin da hannu, a dubi ko akwai rokar da ba ta danna bawul ɗinta ƙasa kamar 'yan'uwanta. A tada shi a silo a lura da sandunan turi, domin masu lafiya suna juyawa a hankali kamar mazari, wadda ta tsaya cik kuwa abar zargi ce. Sa'an nan a juye baƙin mai a cikin kwano mai tsabta, a fita da shi rana, a zagaya da maganaɗisu a ciki. Ɗan dusu-dusun toka mai laushi a man farko ba abin tashin hankali ba ne, amma ƙyalƙyali mai kama da ɓurɓushin ƙarfe da ke manne wa maganaɗisu yana nuna kamshaf ko tafet, wanda kuma ya ƙi mannewa, mai launin jan ƙarfe ko fari, daga metal yake. A wannan buɗewar kuma a tabbata mai yana isowa sama yana jiƙe kowace roka, domin na sha ganin gam ɗin nan da ake lafta wa gasket ba da lissafi ba ya ɓalle ya toshe hanyar mai, saman inji ya bushe ƙayau alhali fitilar mai ba ta kama ba.

Ga sauran masu karatu da motocinsu ke da tafet mai aiki da matsin mai, irin na Golf da suka cika tashoshinmu, hukuncin ya ɗan sha bamban, domin babu sukurun da za a juya. Ƙarar daƙiƙu kaɗan a tashin safe abar yafewa ce. Wadda ta zauna bayan inji ya yi zafi kuwa, a fara da duba yawan mai da ingancinsa da filta, a auna matsin man da geji na gaske, kafin a ɗora wa tafet laifi. Zuba mai kauri domin a rufe bakin ƙarar rufa-rufa ce kawai.

Kai kuwa malam direba, ka koma wurin wanda ya yi maka aikin, ba wurin yaron nan ba, ka kai masa motar da yamma ta kwana a garejinsa, ka zo da sassafe da takarda da alƙalami. Idan awo na biyu ya nuna bawul guda yana ci gaba da buɗewa, ko maganaɗisu ya fito da gemu, kada ka sake ɗaukar lodi ko da buhu ɗaya ne, domin garin ƙarfen nan yana bin mai zuwa sabon metal ɗin da ka biya. A ciro kamshaf da tafet duka a sauya su tare, a wanke hanyoyin mai da kaskon ƙasa, a zuba sabon mai da sabuwar filta, a sake tashin farko bisa ƙa'idarsa, kana tsaye a wurin da agogo a hannunka.