Haƙƙin Na Ƙasa A Kan Na Sama Cikin Ruwan Kogi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai shayar da mutum da dabba da tsiro. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk ɗalibin da ya durƙusa gaban malami a zaure ya fara karatun fiƙihu, ko Ahalari ne, ko Ishmawi, ko Risala, ba zai yi nisa ba sai ya iske maganar ruwa, domin salla ba ta inganta sai da tsarki, tsarki kuwa asalinsa ruwa ne. A nan ake koya masa cewa ruwan da launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa ya jirkita da najasa, ba a alwala da shi, ba a kuma sha. Wanda ya jirkita da abu mai tsarki, kamar nono ko mai, ana amfani da shi wajen al'ada amma ban da ibada. Wanda kuwa ya jirkita da mazauninsa, kamar laka ko gansakuka, yana nan a kan tsarkinsa. Sau da yawa ɗalibi yakan hardace wannan ya ɗauka magana ce ta buta da randa kaɗai, alhali kuwa ruwan randa daga rijiya ko kogi aka ɗebo shi. To, idan kogin kansa ya ɓaci, ko ya daina zuwa, wa Shari'a za ta tambaya?

Ruwan kogi na tarayya ne

Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya nuna cewa Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku, watau ruwa, da ciyawa, da wuta. Malamai sun bayyana cewa ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a tulunsa ya zama nasa, yana iya sayarwa, don haka sana'ar ɗan ga-ruwa halal ce. Amma kogi da tafki da fadamar da Allah Ya shimfiɗa, ba su da mai su. Kowa yana da haƙƙin ya sha, ya shayar da dabbarsa, ya ba gonarsa, muddin bai cuci waninsa ba.

Cutar kuwa iri biyu ce: ɓata ruwa, da hana ruwa. Game da ɓatawa, ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari cikin ruwan da ba ya gudu. Cikin Abu Dawuda kuma an ambaci mashaya cikin wuraren da yin bayan gida a cikinsu ke jawo wa mutum tsinuwa. Idan fitsarin mutum guda ya kai a yi hani a kansa, ina ga ruwan jima da na rini da ake saki dare da rana? A birnin Kano, ruwan dattin masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa cikin Kogin Challawa, na Bompai kuma yana haɗuwa da rafin Jakara. Cikin ruwan majema na zamani akwai sinadarin kuromiyam, wanda ke maƙalewa cikin ƙasa da tsiro, ga shi kuwa masu lambu suna ban ruwa daga waɗannan rafuka, su kai alayyafo da latas kasuwa. Mai masana'anta yana iya cewa bai zuba wa kowa guba a baki ba. Amma a ƙa'idar fiƙihu, wanda ya zama sanadin ɓarna yana da alhaki, kamar mai haƙa rami a kan hanyar jama'a.

Hukuncin na sama da na ƙasa

Game da hanawa, Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa yadda Manzon Allah ya yi hukunci kan ruwan kwaruruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib. Mai gonar da ke sama, wanda ruwa ke fara iske wa, yana riƙe shi har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga wanda ke ƙasa da shi. Wannan hukunci ya ba na sama damar ya fara sha, ya kuma yanka masa iyaka a fili, wadda kowa zai iya aunawa da ƙafarsa. Saboda haka riga samun ruwa ba ya mai da shi mallakar mutum, abin da ya wuce bukatarsa haƙƙin na ƙasa ne. Daɗa kuma Buhari da Muslim sun ruwaito hani ga hana rarar ruwa don a hana makiyayi kaiwa ga ciyawa.

Wannan hukunci na gonaki biyu shi ne hukuncin garuruwa biyu, da jihohi biyu. Wanda yake son ya ga abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da shi, ya dubi fadamar Haɗeja da Nguru.

Abin da ya sami fadama

Kogin Kano da Kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tuddan Jos ya taso. Idan biyun suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai su rarrabu cikin rassa, su bazu, su cika fadama, kāna abin da ya saura ya tattaru ya zama Kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da Diffa zuwa Tafkin Cadi. A da, ruwa yakan zo da damina ya janye da rani, kowa kuma ya san lokacinsa. Manomi ya shuka shinkafa da zuwan ruwa, ya bi sawunsa da wake da masara in ya janye; masunci ya kama kifin da ya yi ƙwai cikin ambaliya; Bafillace ya sauko da shanunsa bayan girbi. Har rijiyoyin da ke nesa da kogi daga wannan ambaliya suke samun ruwan da ya nutse cikin ƙasa.

A shekarar 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Ba mai musun amfaninsu: daga gare su birnin Kano ke sha, da su ake noman rani a Kadawa da Kura. Sai dai sun canja halin kogin. Ambaliyar damina ta ragu, ga kuma ɗan ruwa yana gudana duk shekara, rafukan da kan bushe da rani suka daina bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu, ta riƙe laka, ta toshe rassan kogi, har yawancin ruwan ya karkata ta rafin Marma zuwa tafkin Nguru. Sai ga abin mamaki: waɗansu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu ya ƙi janyewa, waɗansu kuma, a kan rassan da suka toshe, suna kallon busasshen kwari. Kacalar kuma ta zama maɓoyar sauro da tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

Hukuma ba ta rasa yunƙuri ba. An kafa shirin kiyaye wannan fadama a 1987. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da rafin Marma cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A 2006 kuma gwamnonin Bauci, Barno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka taru a Damaturu suka kafa asusun kula da waɗannan koguna. Amma abin lura shi ne, mutanen bakin ruwa ba su naɗe hannu suna jira ba. Ƙauyuka sun yi ta fita aikin gayya da lauje da adda da kwalekwale, suna yanke kacala, suna yashe bakin rafi. Haka nan mutanen Yobe da Barno sun daɗe suna ɗaga murya kan madatsar Kafin Zaki da aka so ginawa a kan Kogin Jama'are, don shi ne kogin da ya rage yana kawo musu ambaliya. Su ma mutanen Bauci da ke fatar noman rani da ita suna da tasu hujja, kuma irin wannan saɓani shi ne wanda hukuncin idon sawu ya zo ya raba.

A kan wa nauyin yake?

Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin mutanen da suka hau jirgin ruwa, waɗansu a sama, waɗansu a ƙasa. Na ƙasa suka so huda nasu gefen don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In aka kyale su, duka a halaka. In aka riƙe hannunsu, duka a tsira. A jirgi na ƙasa ne suka tasam ma ɓarna, a kogi kuwa galibi na sama ne, amma darasin ɗaya ne: yin shiru ga mai ɓarna cikin abin tarayya halaka ce ga kowa. Don haka tsare kogi farilla ce ta kifaya. In waɗansu suka tsaya da ita ta faɗi ga saura, in kowa ya bari, kowa ya yi laifi.

Yadda za a tsaya kuwa, akwai misali cikin Muwaɗɗa. Dahhaku ɗan Halifa ya so ya jawo ruwa zuwa gonarsa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Dahhaku bai fasa shingen maƙwabcinsa da dare ba, bai kuma haƙura ya bar shukarsa ta mutu ba. Ya kai ƙara wurin Sayyidina Umar, wanda ya duba ya ga ruwan zai amfani mai gonar ba zai cuce shi ba, ya umarta a wuce da shi. Wannan ita ce hanyar Musulmi: kai kuka ga mai iko, da hujja, da ladabi, da nacewa.

Saboda haka ya kamata mutanen kowane gari na bakin ruwa su fara da gyara tsakaninsu, domin mai kama kifi da guba, da mai datse rafi da dumba ya hana na ƙasa, da mai huda gaɓa ya karkata ruwa gonarsa, da mai zuba shara da leda cikin kwata, duk sun shiga cikin hanin, kuma ba ya kyautuwa su zargi na sama alhali suna yi wa na ƙasa da su irin abin da suke kuka da shi. Sa'an nan su haɗa kai, manomi da masunci da makiyayi, tare da mai unguwa da sarkin ruwa da liman, har da mata, tun da su ne ke fara ganin ruwa ya jirkita a randa. Su riƙa rubuta abin da suka gani: ranar da ruwa ya canja launi, ranar da kifi ya taso matacce, gonaki nawa suka nutse ko suka bushe. Shari'a ta ɗora hujja a kan mai ƙara, kuka ba tare da shaida ba kuwa sauƙin turewa gare shi. Da wannan za su tafi gun hakimi, da ƙaramar hukuma, da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da hukumomin kiyaye muhalli, da wakilansu na majalisa, su nemi abu ƙayyadadde: a saki ruwan madatsa a lokacin da fadama ke bukatarsa, a yashe rafin da ya fi ƙarfin lauje, a tilasta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. In an yi alkawari su koma su tuna, in an manta su sake komawa.

Limamai da malaman zaure su ma suna da nasu kaso. Idan an zo babin ruwa, kada a tsaya ga buta, a kai ɗalibi har bakin kogi, ya san cewa mai kare mashaya yana kare alwalar jama'a da abincinsu. Ayar ƙarshe ta Suratul Mulki ta tunatar da bayi cewa in ruwansu ya ƙafe ba su da mai kawo musu wani in ba Allah ba. Godiyar wannan ni'ima ita ce wanda ya sha ya bar wa na ƙasa da shi, ya kuma bar masa shi da tsarkinsa.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyashe bayinSa daga fari da ambaliya, Ya sa shugabanni su saurari kukan talakawansu. Allah ne Mafi sani.