DARASI: MECE CE FASAHA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, da yawa daga cikinmu in sun ji an ce fasaha sai hankalinsu ya tafi ga kiɗa da rawa, su kau da kai. Wasu kuma suna raina mai aikin hannu, har su hana shi auren ɗiyarsu. Duka biyu rashin sanin ma'anar kalmomi ne ya kawo su.

Kalmomi uku muka aro daga Larabci. Ta farko fasaha: asalinta iya magana sarai, ba gargada. Bahaushe ya faɗaɗa ta, ya ɗora ta a kan hannu kamar yadda take a kan harshe. Ta biyu fanni: wurinmu reshe ne na ilimi, kamar fannin fiƙihu ko na nahawu, amma Larabawan yau da ita suke kiran zane da waƙa da makamantansu. Ta uku sana'a, watau aikin da mutum ya koya wurin na gaba da shi har ya gwanance. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lissafa rubutu cikin sana'o'i tare da gini da sassaƙa da saƙa.

Kowace sana'a da kalmominta. Majemi ya jeme fata, baduku ya ɗinka ta gafaka, gidan Alƙur'ani. Maƙerin baƙi na aikin ƙarfe, na fari na aikin azurfa. Magini ya jera tubali, ya ɗora azara, ya shafe bango da makuba, ya fitar da zanko a bisa soro. Adon da alaramma ke yi wa allo ko Mus'hafi da tawada iri-iri shi ake kira zayyana.

Shin Musulunci ya raina waɗannan? A'a. A Suratul Anbiya, aya ta 80, Allah ya ba da labarin cewa Shi ya koya wa Annabi Dawuda ƙirar sulke, kuma a Suratu Saba'i, aya ta 11, ya umarce shi da ya daidaita awon zobban. Wanda ya raina maƙeri sai ya tuna da wannan. Iyaka dai akwai ta. Buhari ya ruwaito cewa wani mai yin surori ya zo wurin Ibn Abbas, ya ce da wannan yake ci. Ibn Abbas ya tsoratar da shi game da surar mai rai, sa'an nan ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai. Bai raba shi da abincinsa ba, hanya ya gyara masa.

Ga misali a gida. Masallacin Juma'a na Yama, cikin jihar Tahoua, magini Falke Barmou ya soma shi da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan. Mutanen gari ne suka kawo ruwa da laka da itace.

Saboda haka, duk mai sana'a ta halal ya kyautata ta, kada ya yi algus, kada ya saɓa alkawari. Iyaye kuma kada su ji kunyar kai yaro maƙera ko majema bayan ya taso daga makaranta.

Allah shi sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.