Birni ya iso bakin gona

A shekarar 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka koma kan tudu. Tun daga nan birni yake ta faɗi. Yau gidaje sun iso gonakin Tibiri da na Jiratawa.

In birni ya iso, sai a yanka gonaki a yi filayen gini. Shi ake kira lotisma. Abin da ke damun manoman Jiratawa ke nan: masu awo su zo su kafa duwatsu, mai gona ba shi da takarda ko ɗaya. Gonar gado ce, tsofaffin da suka san iyakarta kuwa suna ta rasuwa.

Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gado, daidai da mallakar takarda. Amma ranar gardama, baki kaɗai ba ya isa. Akwai kwamitin ƙasa na ƙauye, Kofob, mai gari ne shugabansa. Can ake yin takardar shaidar gado, ta saye, ta aro ko ta jingina. Maƙwabtan gona su ne shaidun iyaka.

Doka ta ce hukuma ba ta karɓar gona don aikin jama'a sai ta biya diyya. Mai takarda ba a musa mishi gonarshi.

Tambaya: in ƴan'uwa biyar suka gaji gona guda, sunan wa za a rubuta?