Idan Yaro Ya Koma Baya: Gargaɗi ga Iyaye da Masu Raino

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon UNICEF, ta bi jihohin Nijeriya tana bincike a kan halin da yara suke ciki, sai ta tarar cewa cikin kowane yara 10, guda 6 sun ɗanɗani wani nau'i na cin zali kafin su cika shekara 18, rabin yaran kuwa sun sha duka ko wata azaba ta jiki. Wannan ya sa a watan Satumba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da gangami a kan lamarin, a watan Mayu na 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Kano. To, amma doka ba ta leƙa ɗakin kwana da asuba, lokacin da ake taɓa tabarma a ji ta jiƙe. Don haka muka ga ya wajaba mu yi magana da iyaye da masu raino na ƙasar Gwarzo da Kabo, na cikin gari da na Getso da Garo da sauran ƙauyuka.

A zamanin nan mata da yawa, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu sana'a, sukan bar 'ya'yansu tun safe a hannun kaka, ko maƙwabciya, ko wata baiwar Allah da ta mai da gidanta wurin raino. A irin waɗannan gidaje, da kuma gidajen iyayen kansu, akan ga abin da yake ɗaure wa manya kai. Yaro ɗan shekara 3 ko 4, wanda ya daina fitsarin kwance, ya iya neman fo da kansa, bakinsa ya buɗe, sai rana ɗaya a ga ya koma jiƙa wando, yana tsotsar yatsa, yana gwaranci kamar mai koyon magana, yana riƙe zanen uwarsa a bakin zaure yana ihu, ko ya ce lalle sai an goya shi. Nan da nan sai a yanke masa hukunci: taɓara ce, iya shege ne, an sangarta shi.

Haƙiƙa wannan komawa baya tana da sababi, kuma galibi sababin yana kusa, in an duba. Ko dai an yi masa ƙani ya ga goyon da yake nasa ya koma na wani, ko an yaye shi farat ɗaya saboda kwanika aka kai shi gidan kaka, ko aure ya mutu, ko an yi rasuwa, ko an sake masa mai raino, ko ya tashi daga doguwar jinya. Manoman rani da ke bakin dam ɗin Guzuguzu sun san wannan hali a wurin dashe. Idan aka cire tumatir daga inda aka yi masa raino aka kai shi sabon fangali, to ko da ƙasar ta fi ta da kyau, ko da an zuba taki, sai ka ga ganyensa ya yi laushi ya kwanta, har wanda bai sani ba ya ce ya mutu, alhali kuwa saiwarsa ce take laluben wurin kamawa a ƙarƙashin ƙasa. Manomi mai hankali ba ya tumɓuke shi don ya duba, ba ya jan ganyen don ya miƙe, sai dai ya yi ta ba shi ruwa safe da yamma, ya jira, har ran da zai zo ya tarar ya tashi da kansa, ya ma fi na da ƙarfi. Haka zuciyar yaro take idan aka girgiza abin da ya saba da shi.

Babban haɗarin da muke tsoro shi ne abin da manya suke yi da sunan magani. Akwai mai kai hannu ga tsumagiya tun yaron bai wartsake daga barci ba. Akwai mai hana shi ruwa yini guda a cikin zafin bazara. Akwai mai ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, ta ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, ta tara yaran unguwa su bi shi suna tafi suna kiransa amalala. Har akwai wadda zuciya take ɗiba ta ɗana masa abu mai zafi. Wannan zalunci ne, ko da uwar da ta haife shi ce ta aikata, kuma ba ya haifar da komai sai ƙarin ciwo, domin sau da yawa tsoro ne ya kawo fitsarin tun farko, kuma tsoron ake ƙara masa. Yaron da aka daka zai koyi ɓoye wando a bayan randa, zai koyi ƙarya, zai riƙa matse fitsari da bayan gida har cikinsa ya ƙulle, cushewar ciki kuwa ita kanta tana danne mafitsara ta ƙara fitsarin kwance. Likitoci ba sa ma lissafa fitsarin kwance cikin cututtuka sai yaro ya kai shekara 5, kuma ko a wannan shekara kimanin 15 cikin 100 na yara suna yi. To, ina laifin ɗan shekara 3?

Mai cewa tarbiyya yake yi, ya sani shari'a ba ta tare da shi. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, da mai barci har ya farka, shi kuwa mai fitsarin kwance ya haɗa uzurin biyu, yaro ne kuma barci yake yi. Wanda Ubangiji bai rubuta wa laifi ba, da wace hujja bawa zai hukunta shi? Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta kawo jaririnta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa fitsari a tufa, bai yi komai ba face ya nemi ruwa ya yayyafa. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Ko salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a umarci a sa yaro yin ta ba sai ya shekara 7. Ke mai raino, amana aka ba ki, kuma za a tambaye ki. Ke uwa, da kika miƙa ɗanki da safe kina cewa in ya yi a zane shi, kin ɗauki rabin alhakin.

Abin yi ba shi da wuya. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zani, a kai shi ya yi fitsari kafin ya kwanta, a rage masa koko da shayi da dare, da rana kuwa a bar shi ya sha ruwa yadda yake so. In ya jiƙa, a wanke shi a sake masa wando ba tare da shela ba, in ya tashi a bushe a sa masa albarka. Uwa ta keɓe masa ɗan lokaci nasa shi kaɗai, ta sa shi miƙo mata zanen goyo don ya ji shi ma yaya ne. Kada ta sulale ta gudu a gidan raino, ta yi masa sallama ta ce za ta dawo bayan azahar, ta kuma cika alkawari. Uwa da mai raino su riƙa faɗa wa juna abin da ya faru, su bi hanya ɗaya. Galibi cikin 'yan makonni abin yakan wuce.

Amma in yaro yana kuka lokacin fitsari, ko an ga jini, wanda alama ce ta tsargiya ga masu wasa a ruwan dam da kududdufi, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, ko yana da sikila, ko magana ko tafiya ko ji sun ɗauke bayan zazzaɓi mai zafi da shiɗewa, ko ya tsiri tsoron wani mutum guda, to a kai shi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, kada a tsaya cewa iska ce.

Muna roƙon limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya su isar da wannan magana a masallatai da wuraren suna. Wanda kuma ya ji ana azabtar da yaro a maƙwabta ya kama bakinsa don gudun ɓacin rai, ya sani yana da kaso a cikin zunubin. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.