Darasi na 14: Mai Ɗaukar Hoto a Taron Siyasa

Ku karanta wannan bayani a hankali, sannan ku amsa tambayoyin da ke biye.

Idan ɗan takara zai yi jawabi a babban fili, kamar Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Legas, mai ɗaukar hoto yakan yi sammako. Yakan rataya katin shaida a wuya, domin jami'an tsaro su bar shi ya matsa kusa da dandamali. Daga nan sai ya duba inda rana take, domin idan tana bayan mai jawabi, fuskarsa za ta fito da duhu.

Da taro ya cika, sai wahala ta fara. Ga ƙura, ga turereniya, ga tutoci suna tare masa gani. Shi kuwa ɗan siyasa ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka dole a saita kyamara ta riƙa ɗauka da sauri.

Wani lokaci aikin yakan zo da haɗari. Ranar 13 ga Yuli, 2024, Donald Trump yana jawabi a garin Butler na ƙasar Amurka, sai wani ya buɗe wuta. Harsashi ya ji masa rauni a kunnen dama, kuma mutum ɗaya daga cikin mahalarta taron ya rasa ransa. Jama'a suka kwanta ƙasa, amma masu ɗaukar hoto ba su ajiye kyamara ba. Doug Mills na jaridar New York Times ya riga ya saita tasa a kan kashi ɗaya cikin 8,000 na daƙiƙa, shi ya sa hotonsa ya kama alamar harsashi yana wucewa. A 2025 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer. Evan Vucci kuma ya ɗauki Trump ya ɗaga hannu a dunƙule, da jini a fuska.

Sai dai hoto ma yana iya yaudara. In aka ɗauka daga inda mutane suka cunkushe, ƙaramin taro sai ya zama kamar duk gari ne ya fito. Ɗan jarida nagari yakan hau wuri mai tsawo, ya nuna filin yadda yake, ko da ɗan takara ba zai ji daɗi ba.

Sababbin Kalmomi
sammako: fita da sassafe
dandamali: wuri mai tudu da ake hawa a yi jawabi
turereniya: ture juna cikin taro
a dunƙule: da yatsu a naɗe

Tambayoyi
1. Me ya sa mai ɗaukar hoto yake duba inda rana take?
2. Yaya aka yi Doug Mills ya kama alamar harsashi?
3. Da kai ne a wurin, za ka ci gaba da ɗaukar hoto ko za ka nemi mafaka? Kawo dalili.